Ra'ayinmu: An Gina Ɗaki, Ina Ƙofarsa?

Jama'a masu karatu, maganar da muka ɗauko a wannan fitowa wasu za su ga kamar ta ma'aikatan ɗakin kwamfuta ce su kaɗai, ba ruwan ɗalibin likitanci ko na shari'a ko na Hausa da ita. To, muna roƙon mai irin wannan zato ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe, domin al'amarin ya taɓa aljihunsa, ya kuma taɓa amanar takardunsa. Batun shi ne wata irin kwamfuta da makarantu da cibiyoyin jarrabawa suke ta rungumarta saboda sauƙin kuɗinta, da kuma yadda ake haɗa ta da kayan aikin da ɗalibi ba ya rabuwa da su, watau filas da firinta da sikana da kyamara da na'urar dangwale.

Duk wanda ya san Gyadi-Gyadi ya san unguwa ce da ɗalibai suka yi wa yawa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan a bakin Titin Zariya, kuma a cikinsa ne ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero suke yin karatunsu na gefen gadon majinyaci. Idan mutum ya taso daga ƙofar asibitin ya bi ta Titin Kotu, ya zarce har kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni, zai wuce shagunan buga takardu da na fotokwafi da na sayar da filas da wayoyin haɗi ba iyaka. Abincin waɗannan shaguna duka daga abu ɗaya yake fitowa: fitar da aiki daga cikin na'ura zuwa takarda, da mayar da takarda cikin na'ura. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa karatun ɗalibi ba ya ƙarewa a kan allon kwamfuta. Sai ya fito, an buga shi, an sa masa hannu, an miƙa wa malami, sannan ya zama aiki.

Bari mu fara da bayanin ita kanta na'urar. Kwamfutar da muka saba da ita tana da ƙwaƙwalwarta da rumbunta, duk abin da aka sa ta a cikin cikinta take yin sa. Wannan kuwa da muke magana a kanta ɗan akwati ne da bai fi littafin aljihu girma ba, ana maƙala masa allo da madannai da linzami, amma ba shi ne mai yin aikin ba. Aikin yana gudana ne a wata babbar kwamfuta, wadda ake kira uwar garke, ko tana ɗakin da ke kusa ko tana wani gari. A cikin uwar garken ake shimfiɗa wa kowane ɗalibi teburin aikinsa. Ɗan akwatin ɗan aike ne kurum: ya kai mata abin da aka danna, ya komo da hoton abin da ta yi. Dabarar kuwa tsohuwa ce. Tun a 1961 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka gwada yadda mutane da yawa za su yi tarayya a kan babbar kwamfuta guda a lokaci ɗaya. Kamfanin Citrix ya kawo irin wannan tsari ga Windows a 1995, kamfanin Microsoft ya fito da nasa a 1998, wanda ake kira RDP, kuma har yau da yawa daga cikin waɗannan 'yan akwatuna da shi suke magana da uwar garke.

Ba mu ga laifin mai sha'awar wannan tsari ba, domin amfaninsa a fili yake. Kwamfutar tebur ta sosai takan ci wutar da ta kai wat 100 ko fiye, ban da allo, alhali ɗan akwati da wuya ya wuce wat 10. A ɗaki mai kujera 50, bambancin ya zama tsakanin wat 5,000 da wat 500, sai a ƙara abin da uwar garke take ci. A ƙasar da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa Naira 225 kowane ma'auni a watan Afrilu na 2024, wannan lissafi ba abin wasa ba ne, domin shi ne zai nuna ko sola da batir za su iya riƙe ɗakin ko kuwa sai an tayar da janareto. Ban da haka, ɗan akwati ba shi da fanka mai zuƙar ƙurar hunturu, kuma ma'aikaci ɗaya yana iya gyara manhaja a uwar garke sau ɗaya gyaran ya game kowace kujera. Saboda irin waɗannan dalilai ne ƙasar Masedoniya a 2007 da jihar Andhra Pradesh ta Indiya a 2008 suka zuba na'urorin kamfanin NComputing a makarantunsu. Ga kuma wani sabon dalili. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina kula da Windows 10 irin kulawar da ya saba, kuma tsofaffin kwamfutoci da dama da aka sayo na hannu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Hanya mafi sauƙi ga makarantar da ba ta da kuɗin sababbi ita ce ta mayar da tsofaffin su zama 'yan aike, ta sayi uwar garke guda. Ashe ke nan tsarin ƙara yaɗuwa zai yi, ya kamata mu san shi tun kafin ya iske mu.

To, ina gizo yake saƙa? Ga shi. Idan ɗalibi ya soka filas ɗinsa a jikin ɗan akwatin da ke gabansa, a zahiri ya soka shi ne a jikin ɗan aike, alhali teburin da yake gani a allo yana can cikin uwar garke, bai san an soka kome ba. Haka firintar da ke gefensa, haka sikana, haka kyamara. Idonsa yana gaya masa duk abu ɗaya ne, amma a wajen na'ura gida biyu ne da tazara tsakaninsu. Kafin teburin ya ga filas ɗin, sai an buɗe hanya ta musamman an isar masa da shi, kuma wannan isarwa ba ta faruwa da kanta. Sai wani ya zauna ya yanke shawarar abin da za a bari ya wuce, ya saita shi, ya gwada shi. Inda ba a yi haka ba, sai a wayi gari ga ɗaki tsaf, ga allo a jere gwanin sha'awa, amma ɗalibi ya gama rubuta aikinsa ya rasa ta inda zai fitar da shi. Daga nan sai ya aika wa kansa ta imel in akwai intanet, ya fita cikin rana ya nufi shagon bakin titi, ya bi layi, ya biya kuɗin kowane shafi, alhali kuwa ya riga ya biya kuɗin ɗakin kwamfuta a cikin kuɗin rajista.

Hanyoyin isarwar iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin maganin. A hanya ta farko, ɗan akwatin ne yake fahimtar na'urar da aka soka masa, sai ya riƙa isar da ma'anar abin kawai. Idan filas ne, sai ya nuna wa teburin jerin fayilolin da ke ciki kamar wani rumbu ne na nesa. Idan firinta ce, sai ya karɓi shafin da aka shirya ya miƙa mata. Haka ake yi da sauti da katin shaida mai ƙwaƙwalwa. Wannan hanya ba ta da nauyi a kan waya, kuma tana jure jinkiri. Aibinta shi ne ba kowace na'ura ta sani ba, sai irin waɗanda aka tanada mata.

A hanya ta biyu, ɗan akwatin ba ya neman fahimtar kome. Duk abin da na'urar ta furta ta kafar USB sai ya kwashe shi ɗanye ya kai wa uwar garke, ya komo da amsa, har uwar garken ta ɗauka a jikinta aka soka na'urar. Microsoft ya ƙara wannan hanya a tsarinsa a 2011, sauran kamfanoni irin su Citrix da VMware su ma sun fito da tasu. Da ita ake samun shigar da na'urorin da hanya ta farko ba ta san su ba, kamar wasu sikanoni da na'urorin dangwale da kayan awo na ɗakin gwaje-gwaje. Amma tana da sharuɗɗa masu tsauri. Dole a sa wa uwar garke manhajar da take yi wa na'urar tafinta, wadda ma'aikata suke kira direba, kuma dole direban ya dace da irin Windows ɗin da ke kanta. Sa'an nan kafar USB an gina ta ne don waya mai tsawon kamu kaɗan, inda tambaya da amsa suke kai da komo ba tare da jira ba. Idan aka shimfiɗa wannan hira a kan doguwar hanya, kowace tambaya sai ta jira amsarta.

Bari mu buga misali da lissafi. Idan uwar garke tana cikin gini ɗaya da ɗan akwati, zuwa da komowar saƙo bai kai ƙiftawar ido ba, ba wanda zai lura. Amma a ce an yi hayar teburin ne a rumbunan manyan kamfanoni na ƙetare, irin waɗanda Microsoft ya buɗe a Afirka ta Kudu a 2019, ko na Turai. Saƙo daga Tarauni sai ya gangara kudu, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ya je ya komo. A ƙaddara tafiyar ta ci kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Aikin da yake bukatar tambaya da amsa sau 300 a jere ya zama rabin minti ke nan, abin da a kwamfutar tebur nan take ne. Kyamara kuwa nata ya fi muni. Hoto mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye, sau 30 a daƙiƙa, idan aka tura shi ɗanye ba a matse shi ba, yana neman kusan megabit 147 a daƙiƙa, alhali kafar waya ta tsofaffin 'yan akwatuna da yawa megabit 100 ce iyakarta. Kyamara ɗaya ke nan ta cika hanya, ina ga ɗaki guda? Shi ya sa masu sanin aikin suke matse hoton tun a ɗan akwati kafin a tura shi. Duk wanda ya zo sayar wa makaranta wannan tsari bai tambayi inda uwar garke za ta zauna da irin na'urorin da za a soka ba, to ko dai bai san aikin ba, ko kuwa ya sani ya yi shiru.

Yanzu sai mu juyo ga ɗaya ɓangaren, domin adalci ya hana mu ɗora wa masu kula da ɗakunan kwamfuta laifi duka. Suna da hujja idan suka ji tsoron filas. Ƙwayar cutar kwamfuta da aka sani da Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta filas ta shiga masana'antar nukiliya ta Iran, wurin da ba a haɗa da intanet ba. A 2014 wasu masu bincike na Jamus suka nuna cewa ana iya sauya wa filas hali ya riƙa ce wa kwamfuta shi madannai ne, ya shiga ba ta umarni ba da sanin mai ita ba. Mu ma nan ba baƙi ba ne ga filas ɗin da ya zaga shaguna biyar ya komo duk fayilolinsa sun ɓace. A tsarin uwar garke kuwa haɗarin ya ninka, domin idan ɗalibai 50 suna tarayya a kan Windows guda, ɓarnar da ta shigo ta kujera ɗaya tana iya shafar sauran, kuma idan saitin bai yi kyau ba filas ɗin wani yana iya bayyana a teburin wani. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Akwai wuraren da rufe ƙofa ruf shi ne daidai. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, kuma ba mai hankalin da zai ce a bar ɗan jarrabawa ya soka filas a ɗakin jarrabawa. Haka nan duk inda ake ajiye bayanan majinyata, bai halatta a bar kowa ya kwafe su ya sa a aljihu ba, kuma 'yan'uwanmu masu karatun asibiti sun fi kowa sanin nauyin wannan amana. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya da na tambarin yatsa cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauko dokar ɗakin jarrabawa a shimfiɗa ta a ɗakin karatu, don kawai rufewa ta fi saitawa sauƙi. Ɗakin jarrabawa an gina shi ne don kada kome ya shiga ko ya fita. Ɗakin karatu kuwa amfaninsa duka shi ne ɗalibi ya shigo da abin da ya tara, ya fita da abin da ya samu.

Kuma babu wata tilas da ta ce sai dai a buɗe duka ko a rufe duka. Kowace na'ura ta USB idan aka soka ta takan faɗi jinsinta, ko ta ajiya ce, ko firinta, ko kyamara, ta kuma faɗi lambar kamfanin da ya ƙera ta da lambar samfurinta. Da waɗannan ne mai kula da tsari yake iya cewa wannan ta wuce, waccan ta tsaya. Yana iya barin filas ya shigo ta hanya ta farko, inda fayiloli ne kawai suke ƙetarawa ana bincika su, ya hana shi hanya ta biyu. Yana iya ba da izinin karantawa ya hana kwafewa a inda sirri yake. Yana iya haɗa firinta kai tsaye da uwar garke ta wayar gida, yadda ba ta ma bukatar bi ta ɗan akwati. Duk wannan aiki ne na kwana kaɗan ga wanda ya iya, kuma kuɗinsa bai kai na allo goma ba. Abin da yake bukata shi ne wani ya damu.

Kada kuma a manta da 'yan'uwanmu makafi da masu raunin gani. Ɗalibin da yake dogara da manhajar da take karanta masa allo, irin su NVDA, idan ba a isar da sauti zuwa ɗan akwatin da ke gabansa ba, to an rufe masa ɗakin baki ɗaya ko da ƙofar gini a buɗe take. Wanda yake da na'urar rubutun makafi ta soka wa a USB shi ma haka. Ɗakin da aka ce na kowa ne, a fara gwada shi da wanda ya fi kowa bukatar a tuna da shi.

Saboda haka muna kira ga hukumomin makarantu, da masu cibiyoyin kwamfuta na Gyadi-Gyadi da Tarauni da sauran unguwanni, da shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai, a kan abubuwa biyar.

Na farko, kafin a ba da kwangila a rubuta jerin na'urorin da za a yi aiki da su a ɗakin, kowace da sunanta da samfurinta, a sa jerin cikin takardar kwangila. Tun ran gini tun ran zane.

Na biyu, kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai an gwada kowace na'ura a gaban shaidu, kuma a yi gwajin ɗaki a cike, kowace kujera da mutum, domin abin da ya yi aiki da kujera ɗaya yana iya durƙushewa da hamsin. Cinikin biri a sama ya ishe mu haka nan.

Na uku, a bambanta ɗakin jarrabawa da ɗakin karatu da ɗakin bayanan sirri, kowanne da dokarsa, a rubuta dokar da Hausa da Turanci a manna a bango, yadda ɗalibi zai san abin da aka yarda da shi da dalilin hana abin da aka hana.

Na huɗu, duk ɗakin da aka hana filas a cikinsa, wajibi ne a tanadi wata hanyar fitar da aiki, ko firinta ta tarayya mai sauƙin kuɗi, ko rumbun ajiya na kowane ɗalibi da zai iya buɗewa daga wayarsa, ko kwamfuta guda a bakin ƙofa wadda aka keɓe don tace filas.

Na biyar, a sa wakilin ɗalibai a kwamitin da yake karɓar irin waɗannan kaya, a kuma horar da ma'aikata aƙalla biyu a kan saitin, don kada ranar da mutum ɗaya ya tafi hutu ɗaki ya tsaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan ɗalibi ne mai ɗakin. Muna da ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na injiniya da za su iya wannan aiki, ya kuma zame musu horo.

Mu ɗalibai ma akwai namu. Wanda yake neman a buɗe masa ƙofa, sai ya nuna ya san darajarta. A daina ara wa kowa filas, a daina soka wanda aka tsinta a ƙasa, a riƙa ajiye kwafi na biyu na duk aiki mai muhimmanci, musamman kundin kammala karatu. Wanda kuma ya ga na'ura ta ƙi aiki, ya kai rahoto a rubuce ga mai kula da ɗaki, ya ba ƙungiya kwafi, maimakon ya yi gunaguni ya fita. Ƙorafin da ba a rubuta ba, ba a lissafa shi.

Ba mu da wata jayayya da masu shagunan bakin titi, domin sana'arsu halal ce, sun kuma sha fitar da mu kunya a daren da kome ya tsaya. Amma ɗalibi ya je wurinsu don ya ga dama, kada ya je don ɗakin da aka gina da kuɗinsa ya gaza. Idan za a ƙidaya nasarar ɗakin kwamfuta, a bar ƙidayar allo ranar bikin buɗewa, a komo bayan wata uku a tambayi ɗalibai nawa ne suka shiga da aiki suka fito da shi a hannu. Muna fata shugabannin ƙungiya za su ɗauki wannan batu zuwa zaman majalisar wakilai na gaba, kuma shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk mai ƙarin bayani ko mai saɓanin ra'ayi. Allah ya sa mu dace.